Fuskar Ɗana, Hannun Wani

Osaka, farkon Oktoba

Zuwa ga Yaya Hisako,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Shigeo da 'yarki Chinatsu. Yaya gwiwar Inna? Mu nan zafi bai gama sakinmu ba, amma na san ku can Hachimori kun riga kun zaro barguna. Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayan nan da ke tuna mini cewa na haura hamsin duk ranar da na yini a tsaye a shagon tabarau. Teruaki ma yana nan garau. Likitan kamfanin bas ɗinsu ya ce masa ya rage gishiri, ya amsa da to, ya dawo gida ya ƙara.

Na rubuto ne maimakon in bugo, don na san wayarku a bakin ƙofa take, inda duk wanda ke gidan yake jin abin da ake cewa.

Kin san shirin nan na yammacin Lahadi, wanda masu talabijin ke shiga gidajen mutane su ɗauki abincin darensu. To, sun zo mana. Matar da muke sayen kifi wurinta ce ta tona mu. Ta gaya wa wata ma'aikaciyarsu mai suna Kuwabara cewa akwai wasu maza biyu da ke damunta da neman kifin hatahata duk lokacin sanyi, wai suna yin miyar mutanen yankinmu na Akita a tsakiyar Osaka. Kuwabara ta zo da kanta, ta zauna, ta ci, ta nemi ƙari. Tana ajiye kwano ta tambaye mu tun yaushe muke tare. Ina laluben abin da zan ce, Teruaki ya riga ni, ya ce shekara ashirin da uku. Ta ce haka take so ta ɗauke mu, mu biyu, yadda muke.

Yaya, ke kaɗai ce a danginmu kika san zamanmu, don haka ke kaɗai zan iya gaya wa yadda abin ya shiga ransa. Ni dai kin san ban iya komai a kicin ba sai wanke-wanke. Shi ne mai girkin. Mutumin Kagoshima ne can kudu, da ya tashi da abinci mai zaƙi, bai taɓa taka garinmu ba, bai taɓa ganin Inna ba sai a hoto. Amma da ruwan kifin nan da take tsumawa da gishiri tana aiko mini duk shekara ya koyi miyarta, da harshe kawai, ina gefe ina ce masa da saura, da saura, har ranar da na kurɓa na ji ta Inna sak. Tun da aka ce za a ɗauke mu ya je aski, ya sayi sabuwar rigar girki. Jiya na kama shi gaban madubi yana gwada murmushi, ƙato mai shekara hamsin da bakwai.

Cikin watan gobe za a ɗauka. Ina roƙonki ki duba yadda za a yi da Inna, ko ki shirya ta a hankali, ko ki fita da ita ranar da za a nuna. Ke kika fi ni saninta yanzu.

Ƙanenki,
Norihiko


Hachimori, tsakiyar Oktoba

Norihiko,

Takardarka ta iso. Muna lafiya. Gwiwar Inna tana nan yadda ka bar ta shekara biyu da suka wuce, sai dai yanzu ni nake ɗaga ta zuwa banɗaki, ni nake mata wanka. Na gode da tambaya.

A tsaye na karanta, a bayan gida wurin shanya, sannan na jefa a murhu. Wai in shirya Inna a hankali. Da wane bakin? Wai in fita da ita. In kai ta ina, a kan wace ƙafar? In ma na fitar da ita, sauran garin fa, su ma goya su zan yi?

Ka manta inda ka fito. A nan babu gidan da ba ya kallon shirin nan. Ana kunna shi a gidan wanka na gari, ana kunna shi a ofishin ƙungiyar masunta inda Shigeo ke aiki. Kai in an gama sai ka kashe talabijin ka kwanta a garin da ba wanda ya san sunan ubanka. Ni ce da safe zan ɗauki kwando in fita sayen awara, in wuce ta gaban kowace ƙofa.

Akwai abin da ban so in gaya maka ba sai ya tabbata. Gidan Kudo masu giyar shinkafa suna nema wa babban ɗansu auren Chinatsu. Yarinyar tana son shi, shi ma haka. Ka san su, kafin su ɗauki mace sai sun binciki kakan kakanta. Tsohuwar gidan ta riga ta tambaye ni me ya hana ƙanena aure. Na ba ta amsar da nake ba kowa, wadda na maimaita har bakina ya yi kanta.

Ban taɓa ce maka ka rabu da mutumin naka ba. Ban taɓa zaginsa ba. Na riƙe maka sirri har ga mijin da nake kwana ɗaki ɗaya da shi. Abu ɗaya nake nema. In dole sai ka fito, ka fito kai kaɗai. In ba za ka iya ba, ka ce musu ka fasa. Shi ba shi da abin da zai rasa a Hachimori. Miya ce fa kawai, Nori. Mutum ba ya mutuwa don ba a gan shi yana yanka albasa ba.

In ka ga dama ka yi yadda kake so, ba ni da ikon hana ka. Amma ka sani kai ne za ka bugo wa Chinatsu ka yi mata bayani, ba ni ba.

Yayarka,
Hisako


Osaka, ƙarshen Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ki yi haƙuri da shirun, ba ni da abin cewa ne sai yanzu. Mura ta ɗan taɓa ni, ta wuce.

An yi yadda kike so. Zan gaya miki yadda aka yi, don ban ga dalilin da zai sa ni kaɗai in san nauyinsa ba.

Na karanta wa Teruaki takardarki, layin albasa kaɗai na tsallake. Na ce masa mu fasa, ko kuwa in fito ni kaɗai, ya zaɓa. Ya daɗe yana goge tukunyar da ta riga ta bushe, sannan ya ce yarinyar ba ta yi masa laifi ba, miyar kuma ta cancanci a gan ta. Kuwabara ba ta so ba, amma nan da nan ta samo dabara, ashe ba yau suka fara irin wannan ba. Tunda ni ban iya riƙe wuƙa ba, za a ɗauki fuskata ina magana ina ɗanɗanawa, in an zo kan tukunya kuma a ɗauki hannunsa kawai.

Ranar, tun da safe muka kwashe shi daga gidan. Haka zan faɗa, don haka aka yi. Silifas ɗinsa, matashin zamansa, kwanonsa, tsinken cin abincinsa, hular aikinsa da ke rataye bayan ƙofa, hotonmu na bakin teku, duk muka tura wurin ajiyar barguna. Ban san ya cika gidan haka ba sai da muka cire shi. Rigar sanyi ɗaya muka yi ta karɓa-karɓa, ina cirewa yana sawa, don hannun riga ya zama ɗaya. Ta matse shi a kafaɗa. Kuwabara ta dubi yatsansa, shi da kansa ya zare zoben ya sa a aljihu.

Ban taɓa ganin ya yi girki mai kyau kamar na ranar ba, kuma a duƙe ya yi shi, don mai kyamara yana ta ce masa ya sunkuya kada kansa ya shigo. Da aka zo ci suka zaunar da ni gaban kwano ɗaya. Shi aka ce ya shiga banɗaki don kada inuwarsa ta faɗo a bango. Bai rufe ƙofar duka ba, ina ganin rabin fuskarsa. Aka ce in faɗi wani abu game da zaman kaɗaici. Na ce na saba, miyar uwa tana ɗebe kewa. Muryata ta yi ƙasa, suka ce in sake. Na yi ta sakewa har suka gamsu.

Da za su tafi mai kyamara ya rusuna masa, ya ce an gode wa mai taimako. Teruaki ya rusuna shi ma. Bayan fitarsu ya fito da kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya mai da kowanne inda yake. Zoben ne ban ga ya mayar ba.

Lahadi ta biyu a Disamba za a nuna. Ki kira duk wanda kike so.

Norihiko


Hachimori, tsakiyar Disamba

Nori,

Gaisuwa. Dusar ƙanƙara ta rufe mu tun makon jiya. Jiragen masunta sun samu hatahata sosai bana, gari duk ƙarnin kifi. Inna tana ɗan tari amma tana cin abinci.

Na ga takardarka, na kuma ga ƙayar da ka dasa a ciki. Na haɗiye. Bari in ba ka labarin abin da haƙurinka ya saya.

Maƙwabta sun cika mana ɗaki har bakin ƙofa. Da aka rubuta sunan garinmu a ƙasan fuskarka mata suka yi ta tafi. Matar mai awara har da hawaye wurin maganar kewa. Shigeo, wanda ba ya ambatonka sai da dalili, ya buɗe kwalbar da yake ɓoyo. Washegari tsohuwar gidan Kudo ta bugo da kanta, ta ce ɗan da ke tuna girkin uwarsa daga gidan kirki ya fito. An sa bikin Chinatsu cikin Mayu. Har wata ta zo mini da hoton ƙanwarta, bazawara, malamar asibiti, ta ce mutum irinka bai kamata ya tsufa shi kaɗai ba. Na karɓa na jefa a aljihun tebur. Ka ga dai ba wanda ya mutu.

Inna ce kaɗai ba ta tafa ba. A gaba aka zaunar da ita, hancinta kusan a kan gilashin. Sai da kowa ya watse, ina kwashe kofuna, ta ce, "Hannun wane ne wancan?"

Na ce naka ne mana.

Ta ce, "Yatsu goma cif. Ni na naɗe na ɗana ranar da igiyar jirgin ubanku ta guntule masa kan ƙaramin. Fuskar ɗana ce, hannun wani ne."

Kai da masu dabararka ba wanda ya tuna da wannan? Sai na ce mata ai haka suke yi, ma'aikacinsu ne ke riƙe wuƙa don sauri. Ta dube ni har na kau da kai. Da na kwantar da ita ta ce in rubuta maka, kada ka sake nuna mata irin wannan tebur. Haka ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

To ka gani. Hannu kawai ta gani ranta ya ɓaci haka, ina ga da ta ga mutum sukutum zaune kusa da kai. Wata rana za ka gode mini.

Ka zo sabuwar shekara. Mutanen Kudo suna son su gaishe ka, tsohuwar kuma ta ce tana son ta ɗanɗana miyar daga hannunka. Zan yi ta tun kafin su iso, kai dai ka tsaya kusa da tukunya.

Hisako


Osaka, ƙarshen Disamba

Yaya,

Ina taya Chinatsu murna, har cikin raina. Ki gaida Inna da jiki.

Saƙonta ya iso, na kuma gane. Ta ga hannun namiji a kicin ɗina, ta san abin da ta gani, ba ta son ƙari. Ba zan kawo mata fuskar da za ta tuna mata ba. Ba zan zo ba, ba kuma zan tsaya kusa da tukunyarki ba.

Kin ce ba wanda ya mutu. Tun ranar da aka ɗauka ba a kunna wuta a gidan nan ba sai ta shayi. Abincin kanti muke ci a cikin roba, kowa lokacin da ya dawo. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na samu sauƙi. Ranar da aka nuna ya karɓi aikin wani ya yini yana tuƙin bas. Mai kifi ta tare shi a kasuwa, ta ce ita ba ta gane ba, ina ya shiga? Ya ce mata yana banɗaki. Ta ɗauka wasa ne, ta yi ta dariya. Takardun masu kallo kuwa suna ta zuwa ta hannun Kuwabara, yawanci mata. Sun ce ina da hannu mai kyau.

Shekaranjiya ya ɗauki hutu ya tafi Kagoshima wurin wansa. Na raka shi tasha, na tambaye shi yaushe zai dawo. Na kuma ce masa laifin Yayata ne, ke nan. Ya ce in bar ki, ke 'yarki kika kare. Ya ce, "Abu biyu ka ba ni in zaɓa, Nori, mu fasa ko mu ɓoye. Na ukun nake ta jira, ba ka faɗa ba."

Bai ce yaushe ba. Kada ki rubuto na ɗan lokaci.

Norihiko


Hachimori, tsakiyar Maris

Norihiko,

Da fatan ka koma lafiya. Mu muna nan. Tun rasuwar Inna gidan ya yi mini faɗi, har yanzu nakan tsaya cikin aiki in saurara ko tana kira.

Wurin jana'iza ba mu samu magana ba. Ka tsaya can gefe kamar baƙo, bayan an ƙona gawar bisa al'ada mun tsinci ƙasusuwanta tare ba ka ɗaga ido ka dube ni ba, ka kama jirgin ƙasa na yamma. Takarda biyu na aiko maka a Janairu, da tarin ya zama ciwon huhu. Ko ka buɗe ban sani ba. Lokacin da na gaji na bugo shagonku ta riga ta daina gane mutane. Wannan nauyin naka ne, ba zan ɗaukar maka ba, nawa ya ishe ni.

Akwai maganar da dole in isar, don ta sa na yi alkawari. A asibiti, ranar da ta ɗan samu sauƙi, ina ba ta ruwa, ta ce, "Mutumin nan ya bar shi ne?"

Na ce wane mutum. Ta ce kada in raina mata hankali tana kan hanya. Ta ce shekara da shekaru tana aika ruwan kifi kwalba biyu da kyafaffen kifi na mutum biyu ga ɗan da ko ƙwai bai iya dafawa ba, a tsammanina wa take aika wa? Tun shekarar da ka zo gida da kumatu ta san akwai mai ciyar da kai. Wata rana kuma ta bugo, namiji ya ɗauka, ya gaishe ta da harshen mutanen kudu, ya rikice ya yi ta ba ta haƙuri ba tare da ya yi komai ba. Daga nan ta san ko wane ne.

Teburin da ba ta son ta sake gani, tebur mai kwano ɗaya ne. Ta ɗauka ya tafi ya bar ka, ya dawo ne kawai ya rufa maka asiri gaban masu kyamara. Abin da ke cinta ke nan tun Disamba, da ba ka zo ba kuma ta ce kunya ce ta hana ka. Na ce mata kuna tare. Ban san ko gaskiya na faɗa ba, tunda ka ce ya tafi Kagoshima. Ta ce a gaya masa yana jefa kifin da wuri, ya riƙa jira awara ta taso. Ta ce in ban da wannan, hannunsa ya fi nawa.

Kada ka zaci gafara na zo nema. Abin da ta ce shi na rubuta maka, kai ka karanta yadda tsoronka ya karanta maka, ni ma haka. In aka mai da ni Oktoba, abin da na roƙe ka shi zan sake roƙa, don ina da 'ya. Wadda nake fushi da ita ba ta nan. Ta sani, ta bar ni shekara ashirin ina ƙona takardunka a murhu, ina zufa ina ƙarya a gabanta, tana kallona tana shan shayi. Ni na wanke ta, ni na juya ta, ni na ɗauke ta a bayana zuwa mota cikin ƙanƙara. Amma maganarta ta ƙarshe mai kan gado a kan miyar mutumin da ba ta taɓa gani ba ce.

Biki yana nan a Mayu. Mutanen Kudo sun ce kada a ɗaga, tunda kwanakin makoki za su cika kafin nan. Katinka yana cikin ambulan ɗin nan. Kujera ɗaya ce. Ba ni na tsara zaman ba, amma ko ni ce haka zan yi.

Yayarka,
Hisako


Osaka, tsakiyar Afrilu

Yaya Hisako,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da amarya. Itatuwan bakin kogi sun yi fure har sun fara zubarwa. Yaya kewa? Yanzu da ba ki da wanda za ki ɗaga, ki je likita ya duba bayanki.

Takardunki na Janairu sai bayan jana'iza na buɗe su. Ba abin da zan ce a kai.

Ba ki yi wa Inna ƙarya ba, ko da yake ba ki sani ba. Kafin in taho Hachimori na bar saƙo wurin wan Teruaki. Da na dawo na tarar da takalmansa a bakin ƙofa, ya kunna turare gaban hotonta. Muna tare, amma ba mu koma yadda muke ba. Yana girki, na garinsu, mai zaƙi, ina ci. Da can yakan yi waƙa in yana yanka, muryarsa kamar ta akuya, har maƙwabta na buga bango. Yanzu sautin wuƙar kawai nake ji.

Na karanta masa takardarki, wannan karon ban tsallake layi ba. Da na zo wurin kifin ya ce in sake. Na sake. Ya yi dariya, ya ce tsohuwar ba ta da gaskiya, ita ta saba da kifin bakin jirgi, wanda ya kwana a mota kafin ya iso Osaka ba ya sakin daɗinsa da wuri. Yana cikin bayani, har da hannu, sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Da ta faɗa mini da bakinta, da na yi mata gardama." Ya fita ya zauna a matakala. Na bar shi.

Ni ma ina fushi da ita, in hakan zai rage miki kaɗaici. Ta iya ɗaura kwalba biyu duk shekara, ta kasa tambayar suna ɗaya. Da sau ɗaya ta ce in zo da shi, ko ta ce kada in zo da shi, da mun san inda muka tsaya, ni da ke duka.

Kuwabara ta bugo makon jiya, wai masu kallo suna ta tambayar gwauron nan mai miyar uwa, a yi kashi na biyu. Na ce mata sai dai mu biyu. Teruaki yana kusa, na tabbata ya ji, bai juyo ba. Ta ce yanzu kam ba zai yiwu ba, zai nuna sun yi wa mutane ƙarya.

Katin yana da kyau. Kyautar Chinatsu tana hanya, tukunyar ƙasa ce mai kauri, shi ya yi yawon kasuwa ya zaɓo ta. Sunana kaɗai na rubuta a kwalin, kada ki damu.

Ba zan zauna a kujerar ba. Na ci abinci ni kaɗai gaban jama'a sau ɗaya, ya ishe ni. In mutanen Kudo suka tambaya, ki faɗa musu duk abin da ya zo bakinki, za su yarda. Mu uku mun iya wannan, ni da ke da Inna. A gida ɗaya muka koya.

Ƙanenki,
Norihiko